Harsashin Soja a Bindigar Farauta: Ta'aziyyar Baffana

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Baffa, ƙanin mahaifina, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a wani asibiti a birnin Lyon na Faransa, bayan wata huɗu yana jinyar huhu. A ƙasar nan ba a binne mutum ranar da ya cika, sai takardu sun gama zagaya ofisoshi. Haka muka yi kwana huɗu a falonsa na unguwar Guillotière, shi yana can ɗakin sanyi, mu muna nan muna karɓar gaisuwa.

Na zauna kusa da ƙofa ina jin masu shigowa, raina yana ɓaci a hankali. Kowa ya zo sai ya yi addu'a, a shafa, sannan ya gyara zama ya ce Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, sai dai akwai baki. Wani ɗan kasuwa mutumin Cadi, mai shagon turare a ƙasan benen, ya ce shekara ashirin suna sahu ɗaya a masallaci, amma bai taɓa ɗaure kaya a kan mota Malam ya wuce bai kwance ya sake ɗaurewa ba. Aka yi 'yar dariyar nan ta gidan makoki. Ɗalibai 'yan Maraɗi da Tawa, waɗanda suka sha cin tuwon gidan har suka san inda ake ajiye yaji, su ma abin da suka tuna ke nan, yadda yake tsare mutum da tambaya ko ya karanta takardar cikin kwalin magani kafin ya haɗiya. Daga ɗakin mata na jiyo Hajiya, matarsa, tana cewa tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kunna gas bai leƙo ya duba tiyo ba. Ta faɗa kamar ƙorafi, sai muryarta ta karye a tsakiya.

A rana ta biyu wani tsohon Bature ya hawo benen da takalman shiga daji, hularsa a hannu. Ya tako har bakin darduma kafin ya lura da tarin takalma a ƙofa, ya koma ya cire nasa. Da ƙyar ya iya zama a ƙasa. Ya ce shi likitan haƙori ne da ya yi ritaya, kuma mamacin nan ya taɓa ci masa mutunci a gaban abokansa, albarkacin wannan cin mutuncin ne yau yake kallonmu da ido biyu. Ya sa hular a fuska ya yi kuka. Mutane suka dubi juna, don ban da ni da Hajiya babu wanda ya san zancen.

Amma tambayar da ake yi mini ƙasa-ƙasa, in an kama hannuna za a fita, guda ce: wansa fa, an ce yana Paris? Mahaifina yana Paris kuwa, a gidana na Clichy-sous-Bois, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa. Shekara talatin da 'yan kai Baba da Baffa ba su yi wa juna magana ba. Baffa ya mutu yana jiran Baba ya ce ya yafe masa, ni kuma a kwanakin nan huɗu ban sani ba ko za a faɗi kalmar kafin a rufe shi da ƙasa.

Mahaifina ido ɗaya gare shi. Tun da na yi wayo a Damagaram haka na san shi, na dama a shafe, fatar wurin da ɗigo-ɗigo baƙi kamar an yayyafa masoro. Malamin makaranta ne, amma yana son farauta, kuma yana da wata bindiga da wani Bature mai haƙar rijiyoyi ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Harsashinta ya ƙare, ba a samun irinsa a gari. Baffa a lokacin soja ne, yana aiki a ma'ajiyar makamai ta bariki. Ya zo hutu ya kawo wa wansa tsarabar harsashin soja. Aka fita dajin wajen Tanut neman barewa, a harbi na uku bindiga ta tofo wuta ta baya, ta tafi da idon. Aka kori Baffa daga soja saboda fitar da kayan gwamnati, bai daɗe ba ya bar ƙasar. Iyakar abin da aka gaya mana ke nan. A gidanmu ba a kiran sunansa. Kakata, wadda ta haife su duka biyu, takan ce “na Faransa”, shi ma sai ta waiga ta tabbata Baba ba ya kusa.

Da na sami gurbin karatu a Lyon, Baba ya ce mini gari ne mai faɗi, kowa ya kama unguwarsa. Na gane nufinsa. Sai dai ɗakin ɗaliban da aka yi mini alkawari bai samu ba, sanyi kuma ya fara shigowa. Ranar wata Juma'a ina fitowa daga masallaci wani dogon mutum ya sha gabana. Hancin Baba ne, goshin Baba ne, sai dai ido biyu. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce wannan rigar ba ta sanyin garin nan ba ce, takalmin ma shirme ne. Gaisuwarmu ta farko ke nan. Ya ɗauki jakata ya wuce gaba, na bi shi. Shekara biyu na yi ina kwana a falon nan da muka zauna makoki. Ban gaya wa Baba ba, shi ma bai taɓa tambayar inda nake kwana ba, abin da ya nuna mini ya sani.

Aikin Baffa gyaran bindiga ne, a bayan wani shagon kayan farauta a wajen gari. Ranar Asabar kuma yana tsaron filin da 'yan wata ƙungiya ke koyon harbi. Kullum da ɗan gilashin ƙara girman rubutu rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Yawancin masu kawo masa gyara maharba gadu ne, aladen dajin nan da ke ɓata musu gonaki. Ina yi masa tsiya in ce Malam na sahun gaba, amma shi ke gyara wa masu cin alade makami. Yakan ce shi bindiga yake gyarawa, abin da suka ci kuma tsakaninsu da cikinsu. Da farko in sun yi sa'a sukan kawo masa cinya guda a leda. Sai ya yi godiya sosai, ya raka mutum da cinyarsa har mota. A hankali suka gane, suka koma kawo zuma da cuku.

Wata Asabar ya tafi da ni filin. Kafin mutane su taru ya buɗe wani akwati, ya ɗora mini harsasai biyu a tafin hannu, ya ce in raba su. Na juya, na jera, na auna da ido. Tsawo ɗaya, kauri ɗaya, launi ɗaya. Na ce ai abu ɗaya ne.

“Haka kowa ke cewa,” in ji shi. “Wannan na soja ne, ana ce masa 5,56. Wannan na farar hula ne, 223. Duba gindinsu da gilashin nan, can kaɗai bambancin yake a rubuce.”

Ya yi mini bayani dalla-dalla, irin bayanin da ake yi wa wanda ba a yarda da hankalinsa ba. Ya ce a cikin bututun bindiga, gaban inda harsashi ke zama, akwai ɗan fili da suke kira maƙogwaro, inda kan harsashin ke ɗan tafiya kafin ya kama hanya. Bindigar soja maƙogwaronta dogo ne, don an yi ta ta ci ƙura da datti ta ci gaba da aiki, harsashinta kuma an cika shi da ƙarfi daidai wannan filin. Ta farar hula maƙogwaronta gajere ne, a matse. In ka sa na farar hula a ta soja, babu komai. In ka sa na soja a ta farar hula, zai shiga, sakata za ta rufu lafiya lau, amma in wuta ta tashi ƙarfin ba shi da wurin sakewa, sai ya nemi hanya ta baya, inda fuskar mutum take. Ya ɗauko wasu biyu manya, 7,62 na soja da 308 na farar hula, ya ce su kuma kusan a juye abin yake, na farar hular ne kan fi ƙarfin tsohuwar bindigar soja. Saboda haka kada in ce na haddace wata doka. In karanta abin da aka buga a jikin bututu, in ban iya karantawa ba in ajiye.

Na tambaye shi ko kullum ne take fashewa. Ya ce ina, da kullum ne ai da an huta, da kowa ya ji tsoro. Mutum yakan harba sau da yawa lafiya, har ya riƙa yi wa mai gargaɗi dariya. Sai ranar da aka haɗu da tsohuwar bindiga, da datti a maƙogwaro, da harsashin da ya wuni a rana a cikin mota. Ya faɗi wannan yana mayar da harsasan cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, bai dube ni ba. Na san dajin da yake nufi.

A ranar ce na ga abin da ya faru da likitan haƙoran nan. Ya zo da abokansa uku da sabuwar bindiga, da wani kwalin harsasai da ya ce surukinsa tsohon soja ne ya ba shi. Har ya kwanta ya kafa kunci a jikin bindiga. Baffa yana can nesa, ban san yadda aka yi ya hango launin kwalin ba. Ya daka tsawa a dakatar da harbi, ya taho da sauri, ya danne bindigar da hannu, ya zare harsashin. Ya ce wa mutumin, da Faransancinsa na bariki wanda babu ladabi a ciki ko kaɗan, shi da ya yi karatun likita bai iya karanta lamba uku a jikin ƙarfe ba? Ya ce ya cire gilashin kare ido don ya fi ganin saiti, ga harsashin da ba na bindigarsa ba, me yake nema, makanta? Fuskar mutumin ta yi ja wur. Ya kai ƙara wurin shugabannin ƙungiyar, saura kaɗan Baffa ya rasa aikin Asabar. Daga baya likitan ya kai bindigar wani wuri aka duba, aka gaya masa maƙogwaronta ma ya fi na sauran irinta matsewa. Tun daga nan duk kaka sai ya aiko da zuma.

Ni kam a lokacin kunya ta ishe ni. Baffa ba ya raga wa kowa, babba ko yaro, baƙo ko ɗan gida. Yakan gyara wa liman yadda ya jona wayoyin lasifika a gaban jama'a. Mu da aka raina a kan cewa ba a ce wa babba ya yi kuskure sai dai a kewaya, wannan hali nasa ya yi mana nauyi. Mutanenmu na Lyon suka yanke cewa zaman Turai ne ya cire masa kunya, ni ma haka na ɗauka.

Rigimarmu ta zo ne ranar sunan ɗana na fari, bayan na gama karatu na koma Paris da aiki. An kafa manyan tukwane a filin bayan benenmu, surukina, mahaifin matata, dattijo mai furfura da ya zo takanas daga Tawa, yana taimakawa wajen haɗa murhu. Ya ɗaura kan tiyo a wata tukunyar gas da maƙwabci ya ara mana. Baffa ya zo ya tsuguna ya duba, ya ce wannan kan na wani irin gas ne, tukunyar kuma ta wani iri. Surukina ya yi murmushi ya ce ai ga shi ya ɗauru. Baffa ya ture hannunsa, ya kashe, ya kwance, ya ce a gaban baƙi da mata da kowa: “Alhaji, ba ka san abin nan ba, ka bar shi.” Dattijon ya miƙe ya shige cikin gida, bai ƙara fitowa ba har aka watse.

Na ja Baffa gefe. Abin da na faɗa masa har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na ce shi da ya makantar da wansa ne zai zo yana koya wa dattawa hankali a gidana? Ya shiga ya yi wa jaririn addu'a, ya yi sallama da mata, ya kama hanyar tasha bai ci abincin sunan ba. Gas ɗin kuwa, da aka kira mai shagon da ya sayar, ya ce Baffa ne da gaskiya. Wannan bai sa na kira shi ba. Wata takwas na yi ina riƙe da fushina, ina jin ni ne aka ɓata wa.

Hajiya ce ta kira ni ta ce tarin Malam ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya rame, kuma ya hana a gaya mini. Na sauka Lyon da rana. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce in bari, abin da na faɗa ai gaskiya ne, sai dai ban san girmanta ba. Ya ce mu taka bakin kogi. Muka zauna a wani bencin dutse, yana numfashi da ƙyar, jiragen ƙasa na cikin gari suna wucewa a kan gada.

“Mutane sun ce kuskure ne, ban sani ba,” in ji shi. “Na sani, ɗana. An koya mana a bariki, na ci jarrabawa a kai.”

Ya ce wasiƙa uku Baba ya aika masa yana neman harsashi, shi kuma ba zai iya shiga gida hutu hannu wofi ba alhali wansa ya roƙi abu. Ya ɗebo da niyyar in ya isa ya duba bindigar, in ba ta dace ba ya yi masa bayani su biyu. Ya tarar da Baba a zaure da abokansa malaman makaranta. Aka fito da bindiga, ya karanta jikin bututun, ya ga 223. Kafin ya yi magana Baba ya ɗauki harsashi ɗaya ya zura, ya rufe sakata, ya ɗaga bindigar ya ce ga shi ya zauna daram. Abokai suka hau yabon soja da tsarabarsa.

“Shekarata ashirin da biyar a lokacin. Yaya ne ya goya ni ya kai ni makaranta, shi ya sa mini hannu na shiga soja. In ce masa a gaban abokansa bai san bindigarsa ba? Na ce gobe zan ja shi gefe. Da safe a mota akwai mutane. A daji akwai mutane. Ya harba na farko lafiya, na biyu lafiya, har na ce wataƙila Allah ya rufa asiri.”

Ya yi tari mai tsawo. Ya ce shi ya ɗaure wa Baba fuska da rawaninsa, shi ya riƙe kansa a cinya har asibiti, kuma a cikin motar nan ya yi wa Allah alkawari kunya ba za ta ƙara rufe masa baki ba, ko da duniya za ta ce ba shi da tarbiyya. Ya ce ya rubuta wa Baba wasiƙu a shekarun farko, ba amsa. Da kakata ta rasu ya kira waya, Baba ya ji muryarsa ya miƙa wa wani. Abin da yake so kafin ya mutu bai wuce Yaya ya ce ya yafe ba. Na yi kuka a bencin nan, shi kuma ya ce in tashi mu tafi, sanyin dutse ba shi da kyau ga mai zama.

Ana cikin jinyar Baffa sai idon Baba na hagu, wanda ya rage, ya fara rufewa. Likitocin gida suka ce aikin ya fi ƙarfin kayansu. Na yi ta fama da takardu har na kawo shi Paris, aka sa ranar aiki. Lokacin Baffa yana kwance a asibiti da robar iska a hanci. Na sami Baba bayan la'asar yana zaune a kan darduma, na durƙusa na gaya masa ƙaninsa ba shi da sauran kwanaki da yawa, kuma yana roƙon ya gan shi. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce a bari a gama aikin idon tukuna, ya je yana gani da kansa, ba zai yarda a ja shi da hannu a kai shi gaban yaron nan ba. Na ce Baba, lokaci fa. Ya ce ya ji.

Na kai wa Baffa amsar ina jin nauyinta. Ya lumshe ido ya ce Yaya ya yi daidai, a bar shi ya warke. Sai ya kama hannuna ya ce in an ba Baba maganin ɗigawa in karanta kwalban da kaina, kada in bar wa kowa, don irin waɗannan kwalabe kamarsu ɗaya. Aka yi wa Baba aiki ranar Litinin. Likita ya ce an dace, amma sai bayan mako biyu ko uku zai fara gani, kafin nan sai haske da inuwa. Talata da hantsi Hajiya ta kira.

Ba zan ɓoye ba, na ji haushin mahaifina irin wanda ban taɓa ji ba. Na gaya masa rasuwar a tsaye, ya yi salati, na ɗauki jaka na tafi Lyon na bar shi da matata. Kwana biyu ban neme shi ba. Ranar Juma'a da safe matata ta kira ta ce Baba ya sa babbar riga tun bayan asuba, yana zaune a kujerar bakin ƙofa da sandarsa, ya ce a kai shi tasha. Na koma Paris na ɗauko shi. Na riƙe hannunsa a matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa, na riƙe shi a cikin taron tasha, abin da ya ce ba zai yarda da shi ba. A hanyar Lyon ya tambaya ko an riga an yi wanka. Na ce sai gobe.

Asabar da safe muka shiga ɗakin wankan gawa na asibitin, ni da shi da liman. Idonsa na hagu yana rufe da auduga da wani ɗan murfin roba, an kuma hana shi sunkuyawa. Liman ya ce Alhaji ya zauna a kujera, albarkar kasancewarsa ta isa. Baba ya ce a kai hannunsa. Na kama hannun na ɗora a goshin Baffa. Ya shafa goshin, ya bi girar, ya sauko kunci, ya tsaya a gemu yana taɓawa kamar bai yi zaton samun gemu a wurin ba. Ya daɗe a haka. Da ya yi magana, ba da mu yake ba.

“Na gan ka ranar nan a zaure. Ka karanta rubutun, ka ɗago za ka yi magana. Na san abin da za ka ce, don mai bindigar ya gaya mini da bakinsa kada in sa mata na soja. Na harare ka, ka yi shiru.”

Liman ya sunkuyar da kai. Ni kuma na jingina da bango.

“Na bar ka da kayan nan shekara talatin, don in na sauke maka ni zan ɗauka. Na yafe maka, ƙanena, in akwai abin yafewa. Kai fa?”

Babu abin da ake ji sai ruwa yana zuba a bokiti. Can ya juyo inda yake zaton nake, ya tambaye ni ko Baffa ya bar masa wani saƙo. Na so in yi ƙarya, wallahi na so, kalma ɗaya ce kuma babu mai ƙaryata ni. Amma a gaban gawar mutumin nan ban iya ba. Na ce saƙonsa guda ne, ya ce ka yafe masa. Na ce bai taɓa ambaton harara ba, ko sau ɗaya. Baba ya gyaɗa kai, ya ce a ba shi moɗa. Ni na riƙe masa hannu, shi ya zuba ruwan farko.

Bayan azahar aka binne shi a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a wajen gari. Likitan haƙoran yana tsaye can baya da hularsa. Baba ya sa aka kai shi bakin kabari ya zuba ƙasa sau uku, ta farko ma a kan takalmina ta sauka.

Mako uku bayan haka idon ya buɗe. Muna zaune a falona da rana, ya ce yana ganin zanen labule, yana ganin fuskar jikansa. Matata ta yi hamdala. Sannan Baba ya ce ko ina da hoton Baffa. Na buɗe waya na nemo wanda na ɗauka a wurin aikinsa shekaru biyu da suka wuce, yana tsaye da rigar aiki, kansa fari fat, kafaɗunsa sun ranƙwafa. Na miƙa masa. Ya kawo wayar kusa da ido, ya nisanta ta, ya sake kawowa.

Ya ce, “Wannan tsohon wane ne?”

Na ce shi ne, Baba. Bai mayar mini da wayar ba. Hasken wayar ya mutu a hannunsa, ya ce in sake kunna masa.

Allah ka jiƙan Baffa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa gaskiyar da ya yi ta faɗa ana jin haushinsa ta tsaya masa ranar da babu mai tsaya wa wani. Wansa kuma da ka bari a baya, ka sassauta masa.